Mun fi kowa rana, amma mun zaunar da yara gaban tabalet

Ƴan uwana matasa, wata sabuwar mai raino ta shigo gidajenmu. Ba ta cin tuwo, ba ta neman albashi, caji kawai take so. Alhaji ya dawo daga Makka, tsarabar jikoki tabalet. Yarinya ta ci jarabawa, tukuicinta tabalet. Ƙaramin yaro ya dami mutane da kuka, sai ka ji an ce "ku ba shi tabalet ya yi shiru". Kuma shirun yake yi, awa biyu, awa uku, har a manta yana cikin ɗaki. A Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, gidan da ke da ɗan hali yanzu da wuya ka rasa ta, ko babbar waya mai yin aikinta.

In ka sayi maganin zazzaɓi a farmasi, za ka tarar da takarda cikin kwali tana gaya maka ƙwaya nawa, sau nawa a yini, da shekarun da ba a ba yaro. Tabalet kuwa daga kwali sai hannun yaro. Ra'ayina shi ne abin nan yana da awo kamar magani, kuma mu ya kamata mu fara sanin awon. Mu ne yayye da sabbin iyaye, mu ke saye, mu ke zuba katun da wasanni ciki, mu ake kira in ta ƙi kunnuwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Duk abin da ya taɓa idon yara da barcinsu a ƙasa irin tamu, ya taɓa ƙasar gaba ɗaya.

Bari mu fara kau da jita-jita, don tana cinye mana hankali a banza. Saƙon murya na yawo a WhatsApp cewa tabalet na sa kansar ƙwaƙwalwa. A 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa igiyoyin rediyo na wayoyi cikin rukunin abubuwan da ake tuhuma amma hujja ba ta isa ba. A 2024 wani babban bita da OMS ta ɗauki nauyinsa, wanda ya tattara binciken kusan shekara talatin, bai samu alaƙa tsakanin amfani da waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Haka nan tabarau masu "tare shuɗin haske" da ake talla a kasuwa: a 2023 ƙungiyar Cochrane ta duba gwaje-gwaje 17, ba ta ga shaidar suna rage gajiyar ido ba. To kada mu ɓata kuɗi da tsoro a can. Illar da aka tabbatar tana cikin abubuwa huɗu masu sauƙin ganewa: yawan awanni, kusancin ekran da ido, lokacin dare, da abin da yaro ya rasa sa'ad da yake zaune.

Ido shi ne na farko. Ƙwayar idon yaro tana girma kamar sauran jikinsa. In ya yini yana kallon abu kusa, a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, ƙwayar kan yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya. Sai hoton abin da ke nesa ya daina sauka daidai kan tantanin bayan ido, yaro ya riƙa ganin nesa dishi-dishi. Wannan shi ne gajeren gani, abin da likitoci ke kira miyopi. Idon da ya yi tsawo ba ya komawa. Tabarau na gyara gani, amma ba ya rage tsawon. Kuma in abin ya yi tsanani, yana ƙara haɗarin yanar ido, hawan jinin ido da ɓallewar tantanin ido in an girma.

Wanda ke son ganin inda hanyar ke ɓullewa ya dubi gabashin Asiya. A biranen Sin, Taiwan, Singafo da Koriya ta Kudu, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na matasan da ke gama lise suna da gajeren gani. Wani bincike kan samari ƴan shekara 19 a birnin Seul ya samu kashi 96 da ɗoriya. A 2016 masu bincike na cibiyar Brien Holden a Ostareliya sun yi hasashen cewa zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance cikin wannan hali. Gaskiya tabalet ba ita ta fara kawo matsalar a can ba, zaman ɗaki da karatu ba hutu ne suka riga ta. Amma ta zo ta haɗa illolin biyu wuri guda: kallon kusa da zaman ɗaki. Lokacin kullen korona an ga misalin ƙarara. A garin Feicheng na ƙasar Sin, inda ake auna idon ƴan makaranta kowace shekara, gajeren gani tsakanin ƴan shekara 6 bai taɓa kai kashi 6 ba a shekarun da suka gabata. A 2020, bayan watanni a kulle gaban ekran, ya haura kashi 21.

Yanzu ku kawo wannan gida. Yaron Seul in idonsa ya raunana, likita na kusa, tabarau na kusa. Namu fa? Likitocin ido kaɗan ne, akasarinsu a manyan birane. Tabarau na gaskiya, wanda aka auna, kuɗi ne da gidaje da yawa ba za su iya fitarwa ba. Aji cike yake maƙil, yaro na can baya ba ya ganin abin da mushe ya rubuta a allo, shi kuma bai san cewa sauran suna gani ba. Sai a ce daƙiƙi ne, a yi ta duka, ya faɗi jarabawa, a ƙarshe ya bar lakwal. Ƙasar da ta sha fama da amodari shekara da shekaru bai kamata ta buɗe wa wata cutar ido ƙofa da hannunta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rigakafin. Hasken rana ne. Masana sun gano cewa haske mai ƙarfi na sa tantanin ido ya saki wani sinadari mai suna dopamin, wanda ake ganin shi ke taka wa tsawon ido birki. A birnin Gwanju na kudancin Sin, wanda ake rubutawa Guangzhou, an ƙara wa ƴan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace rana. Bayan shekara uku, kashi 30 ne suka kamu da gajeren gani, alhali a makarantun da ba a ƙara ba an samu kusan kashi 40. An buga sakamakon a 2015. Taiwan kuma tun 2010 ta umarci makarantu su fitar da yara waje minti 120 a yini, kuma matsalar da ta yi shekaru tana hauhawa ta fara sauka. Ku duba fa: ƙasashe masu arziki suna tsara doka don yaransu su samu abin da Allah ya zuba mana kyauta tun daga Gaya har Bilma. Mu kuma muna sayen na'ura don mu raba yara da shi.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ka san zafin Afrilu kuwa? Wa zai tura ɗansa cikin rana?" Ba wanda ya ce a shanya yaro da tsakar rana. Hasken ɗaki da ƙyar yake wuce luks 500 a ma'aunin haske, amma inuwar dogon yaro da rana tana kai dubbai. Tsakar gida waje ne. Rumfar ƙofar gida waje ce. Hantsi da la'asar sakaliya sun isa a haɗa awa biyu. Langa, carafke, gaɗa, tamola, kokawa a kan rairayi, duk wasannin da muka taso da su ashe suna tsare mana ido ba mu sani ba. Kuma a kula da ƴan mata musamman, don su aka fi tsarewa cikin ɗaki, su kuma aka fi miƙa wa tabalet don su zauna wuri ɗaya.

Mu manya ma ba mu tsira ba. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa ekran ido ƙiftawar kan ragu da rabi ko fiye. Hawayen da ke jiƙa ido ya bushe, sai zafi, ja, ƙaiƙayi da ciwon kai. Ƙara da hazon hunturu da iskar fanka, ka ga dalilin da ɗalibai da yawa ke yawo da jan ido. Likitocin ido na ba da shawara mai sauƙi: kowane minti 20 ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Ka riƙe tabalet nesa da fuska kamar kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ka ƙara girman rubutu maimakon ka matso da ita. Kuma don Allah a daina ɗiga maganin ido na kan tebur ba da izinin likita ba, wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke tada hawan jinin ido.

Sai barci. In duhu ya yi, jiki na sakin sinadarin melatonin, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa dare ya yi. A wani asibiti na birnin Boston a Amurka an sa mutum 12 karatu awa huɗu kafin barci, dare biyar da iPad, dare biyar da littafin takarda. A dararen iPad melatonin ya ragu, barci ya yi jinkirin zuwa, agogon jiki ya ja baya fiye da awa ɗaya, kuma da safe sun fi jin kasala. Mutum 12 ba yawa ba ne, amma bincike da dama kan yara da matasa sun nuna hanya ɗaya: ekran a gado na rage barci. Haske ba shi kaɗai ba ne, abin da ake kallo ma an gina shi ne don kada ka tsaya, bidiyo na ƙarewa wani na farawa da kansa. A wurinmu abin ya fi muni in an ɗauke wuta: ɗaki baƙi ƙirin, tabalet kaɗai ke haske, kamu ɗaya ma bai kai ba tsakaninta da fuska. Ɗalibin da ke shirin BEPC ko bak ya ce zai yi bitar darasi, minti goma sai TikTok, sai ƙarfe biyu na dare. Ga asuba, ga lakwal ƙarfe takwas. Alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya sayar da barcinsa don karatu, ya yi asarar biyun.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne kan jarirai da ƴan ƙasa da shekara biyar. A 2019 OMS ta fitar da jagora a fili: yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban ekran, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. A Japan an bi yara fiye da 7,000, aka buga sakamako a 2023: waɗanda suka fi daɗewa gaban ekran suna da shekara ɗaya sun fi samun jinkirin magana a shekara 2 da 4. Iyaye da yawa na cewa "ai faransanci yake koyo cikin katun". Ku ji wannan. A 2003 wata masaniya a Amurka, Patricia Kuhl, ta sa jarirai ƴan wata tara suna sauraren harshen Sin. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana yi musu magana sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa mutanen nan dai a bidiyo ba su koyi komai ba. Jariri na koyon magana ne daga fuskar da ke amsa masa. Kakar da ke yi masa tatsuniya, da yayar da ke goye da shi tana yi masa surutu, sun fi kowane katun. Yaron da zai iya faransanci gobe shi ne wanda ya ƙoshi da hausa ko zabarmanci ko fulatanci a bakin mutane yau.

Akwai wuya da kunne. Kan babban mutum na da nauyin kilo 5 ko kusa. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa in ka sunkuyar da kai sosai, kamar digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka na kai kilo 27. Kamar ka rataya bidon mai lita 25 a wuya ke nan, kana zaune kana dariya. Tabalet ta fi waya nauyi, shi ya sa ake ɗora ta kan cinya a duƙa mata. A jingina ta kan tebur ko kan littattafai ta zo daidai ido, a tashi a miƙe kowane rabin awa. Kunne kuma, OMS ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙarar sauti. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kada ƙara ta wuce kashi 60 na ƙarfin na'ura. In na kusa da kai yana jin abin da ke cikin ekutar ɗinka, ya yi yawa.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu fiye da Turai: zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPad don aiki tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a bazara muna wuce 40 cikin inuwa. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi. Haɗa shi da sharjer na jabu, a bar shi yana caji kan katifa, ƙarƙashin matashi, cikin gidan sauro kusa da yaro mai barci, ka ga an gayyato gobara. A yi caji kan siminti ko tebur, nesa da wurin kwana. Kada yaro ya yi wasa da ita tana jone. In bayanta ya kumbura ko ekran ya fara ɗagowa, a daina amfani da ita nan take.

Kada a ɗauka ina yaƙi da tabalet. A ƙasar da littafi ke da tsada kuma laburare ke da wuyar samu, na'urar da ke ɗauke da littafi ɗari alheri ce. Da yawanmu da PDF muka gama jami'a. Kuma ba zan zagi uwar da ke dahuwa, wanki da sana'a ita kaɗai ba don ta nemi minti talatin na shiru. Tambayata ita ce ina uban, ina yayye, ina mu da ke fada muna jiran shayi na uku? Raino ba aikin mace kaɗai ba ne. Masu cewa hana yaro tabalet zai bar shi a baya, su tuna cewa a 2010, shekarar da iPad ta fito, wani ɗan jaridar New York Times ya tambayi Steve Jobs ko ƴaƴansa na son ta, ya ce ba su ma yi amfani da ita ba, don ana taƙaita musu na'urori a gida. Faransa ta hana waya a firamare da kolej tun 2018. Suwidin, wadda ta yi gaba wajen cika aji da ekran, ta fara komawa littafin takarda a 2023. A 2023 ɗin kuma rahoton UNESCO kan fasaha a ilimi ya ce hujja mai ƙarfi kan amfaninta kaɗan ce, kuma da yawa daga cikinta na fitowa ne daga masu sayar da kayan. Danna ekran yaro na koyonsa cikin yini ɗaya ko yana da shekara goma. Ido da harshe kuwa lokacinsu na wucewa.

To mi za mu yi? A gida, dokoki kaɗan sun isa in an riƙe su. Ƙasa da shekara 2 babu ekran, sai dai gaisawa da dangi ta bidiyo. Daga 2 zuwa 5 kada a wuce awa ɗaya, kuma babba na kusa yana yi masa hira kan abin da suke kallo. Ƴan lakwal su samu awa biyu a waje kafin a yi maganar tabalet. Ba ekran a kan kwanon abinci. Awa ɗaya kafin barci a tattara duk na'urori wuri guda, har da ta maigida, don yaro abin da ya gani yake yi. In yaro ya fara barin abinci, barci da abokai saboda wasan na'ura, yana hauka in an karɓe, kada a tsaya ga bulala, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya. OMS ta riga ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka.

Amma gida kaɗai ba zai iya ba. Makarantu masu zaman kansu da ke talla da tabalet, iyaye su tambaye su: awa nawa a yini, daga wane aji, kuma minti nawa yara ke yi a waje? Kowace makaranta ta shuka itatuwa, ta fitar da yara lokacin hutu maimakon a bar su cikin aji. Takardar gwajin gani mai harafin E ba ta da tsada, malami na iya koyon amfani da ita cikin awa ɗaya, a gwada kowane yaro a farkon shekara. A cibiyoyin lafiya, ranar awo da rigakafi, a ƙara tambaya ɗaya ga uwa da uba kan ekran. Gidajen rediyo su yi bayanin cikin harsunanmu. Magadan gari kuma su bar wa unguwanni filin wasa. A unguwanni da yawa filin da muka buga tamola an yanka shi an sayar, titi kuma ya cika da kabu-kabu. In ka hana yaro tabalet ba ka ba shi wurin wasa ba, ina kake so ya je?

Ga aikin da nake roƙon kowa ya yi cikin satin nan. Ka zaɓi ƙane ko ɗa guda a gidanku. Ka ƙirga awannin da yake yi gaban ekran yini uku, ka ƙirga na waje. Sannan ka tsayar da shi nesa da wani rubutu, ya rufe ido ɗaya ya karanta, ya sauya. In yana ƙanƙance ido, ko yana matsowa, ko ya saba kukan ciwon kai bayan lakwal, a kai shi a auna tun da wuri. Sauran kuma, in la'asar ta yi, ka ajiye taka wayar, ka karɓi tasa tabalet, ku fita tare.